Harshe, Fasfo da Iyaka: Yadda Rashanci Ya Shiga Manufofin Ƙetare na Mosko

A ranar 2 ga Yuni 2025, da wakilan Rasha da na Yukiren suka zauna a Santambul, tawagar Mosko ta miƙa takardar sharuɗɗanta na kawo ƙarshen yaƙi. Yawancin abin da ke ciki ba baƙo ba ne ga mai bin labarai: a amince cewa Kirimiya da wasu larduna huɗu sun zama ƙasar Rasha, Yukiren ta haƙura da shiga ƙawancen soja, a kuma ƙayyade yawan dakarunta. Amma a tsakiyar waɗannan akwai sharaɗin da ya ɗaure wa mutane da yawa kai, wato a bai wa Rashanci matsayin harshen hukuma a Yukiren, a kuma sassauta wa cocin Otodoks mai alaƙa da Mosko. Mai karatu zai iya tambaya: me ya kawo zancen harshe cikin takardar da ke magana a kan tankokin yaƙi da iyakoki?

Amsar tana cikin wata aƙida da aka shafe sama da shekara ashirin ana gina ta a Mosko, wadda ke ɗaukar Rashanci a matsayin alamar kasancewa ɗan wata babbar al'umma da ta zarce iyakokin ƙasar Rasha, al'ummar da gwamnatin Rasha ke ganin alhakin kare ta ya rataya a wuyanta.

Su wane ne ake nufi?

Dole a fara da rarrabe mutane, domin a nan ruɗanin yake. A Rashanci akwai kalma ɗaya ga wanda ya fito daga ƙabilar Rashawa, russkiy, akwai kuma wata ga ɗan ƙasar Rasha ko da wace ƙabila ce tasa, rossiyanin. Mutumin Tatarstan Musulmi ko ɗan Checheniya yana cikin rukuni na biyu ba tare da yana cikin na farko ba. Sai rukuni na uku, masu magana da Rashanci, waɗanda aka kiyasta sun kai kusan miliyan 250 a duniya, kuma cikinsu akwai ɗimbin mutanen da ba Rashawa ba ne ta ƙabila, ba su kuma taɓa riƙe fasfon Rasha ba. Shugaban Yukiren Volodymyr Zelensky yana cikinsu, domin da Rashanci ya tashi a garinsu Kryvyi Rih, da shi kuma ya yi suna a wasan barkwanci.

Dokar Rasha ta 1999 ta ƙirƙiri rukuni na huɗu, wanda za a iya kira 'yan uwa mazauna ƙetare. Gyaran da aka yi mata a 2010 ya buɗe ƙofar sosai, ta yadda ta haɗa da zuriyar mutanen tsohuwar Tarayyar Sobiyet da suka zaɓi dangantakar addini ko ta al'ada ko ta doka da Rasha. Ba a shata wa wannan rukuni iyaka tsayayyiya ba, kuma wannan sassaucin yana ba gwamnati damar faɗaɗa shi ko taƙaita shi daidai da buƙatar lokaci.

Inuwar da ta lulluɓe waɗannan rukunoni ita ce Russkiy Mir, wato Duniyar Rasha. A ƙarshen shekarun 1990, wasu masana da masu ba da shawarar siyasa a Mosko, irin su Pyotr Shchedrovitsky, sun yi amfani da wannan suna da ma'ana mai laushi: masu jin Rashanci da ke warwatse daga Isra'ila zuwa Jamus da Amurka za su iya zama gadar kasuwanci da ilimi ga ƙasar da tattalin arzikinta ya durƙushe. Babu zancen mallakar ƙasa a cikin wannan fahimtar. Shugaba Vladimir Putin ya furta sunan a taron 'yan uwa mazauna ƙetare na 2001, kuma tun daga lokacin ma'anar ta riƙa sauyawa har ta kai inda take a yau.

Tushen lamarin

Amfani da harshe wajen ɗinke daula tsohon abu ne a Rasha. A 1863 ministan cikin gida Pyotr Valuev ya fitar da umarnin hana buga littattafan addini da na makaranta da harshen Yukiren, inda aka rubuta cewa babu wani harshe irin wannan mai zaman kansa, ba a taɓa yin sa ba, ba kuma za a yi ba. A 1876 Sarki Alexander na Biyu ya ƙara tsaurara haramcin. Zamanin Sobiyet ya fara da akasin haka, domin a shekarun 1920 gwamnati ta ƙarfafa harsunan ƙabilu, ta samar wa da yawansu haruffa da makarantu. Amma a 1938 Stalin ya wajabta koyar da Rashanci a dukkan makarantun tarayyar, kuma daga nan ya zama harshen soja da masana'anta da jami'a da duk wani muƙami mai gwaɓi. Iyaye da yawa a Kiyef da Minsk da Almaty sun kai 'ya'yansu makarantun Rashanci da kansu, domin nan ce hanyar samun aiki mai kyau.

Da Tarayyar Sobiyet ta wargaje a Disamba 1991, Rashawa kusan miliyan 25 suka wayi gari a wajen Rasha alhali ba su motsa daga gidajensu ba. Injiniyan da aka tura Riga ko Tashkent shekara talatin da suka wuce ya zama ɗan tsiraru a ƙasar da ke da sabon harshen hukuma wanda bai taɓa koya ba. Wannan matsala ce ta gaske, kuma duk wanda ya yi watsi da ita ba zai gane dalilin da ya sa saƙon Mosko ya sami masu saurare ba. A jawabinsa na Afrilu 2005, Putin ya kira rushewar Sobiyet babban bala'in siyasar duniya na ƙarni, kuma hujjar da ya kawo nan take ita ce miliyoyin 'yan uwa da suka tsinci kansu a wajen ƙasar.

Daga ra'ayi zuwa hukuma

Bayan juyin siyasar da aka yi a Jojiya a 2003 da Yukiren a 2004, fadar Kremlin ta yanke cewa ƙasashen Yamma sun sha gabanta wajen jan zukatan matasan maƙwabtanta, sai ta shiga kafa nata cibiyoyin. An ayyana 2007 a matsayin Shekarar Harshen Rasha, kuma a watan Yunin shekarar Putin ya kafa Gidauniyar Russkiy Mir a ƙarƙashin Vyacheslav Nikonov, jikan Molotov, ministan harkokin wajen Stalin. A 2008 aka kafa Rossotrudnichestvo, hukumar da ke tafiyar da cibiyoyin al'adu da ake kira Gidan Rasha a ƙasashe da dama, ta kuma riƙa rabon guraben karatu kyauta ga ɗaliban ƙetare. A fuska, aikinsu bai bambanta da na British Council ko Alliance Française ko cibiyoyin Confucius na Sin ba: azuzuwan harshe, ɗakunan karatu, horar da malamai, da bikin ranar Rashanci a kowace 6 ga Yuni, ranar haihuwar mawaƙi Pushkin.

Coci ya ƙara wa aƙidar wani zare. A 2009 shugaban cocin Otodoks na Rasha, Kirill, ya bayyana Rasha da Yukiren da Belarus a matsayin zuciyar Duniyar Rasha, yana danganta su da karɓar Kiristanci da Sarki Vladimir na Kiyef ya yi a shekara ta 988. Da wannan, magana ta tashi daga jin harshe ta koma tarihi ɗaya da addini ɗaya da makoma ɗaya.

Daga bisani aƙidar ta shiga manyan takardun ƙasa. Gyaran kundin tsarin mulki na 2020 ya kira Rashanci harshen al'ummar da ta kafa ƙasa, ya kuma ɗora wa gwamnati tallafa wa 'yan uwa mazauna ƙetare wajen kare haƙƙinsu. A Satumba 2022 Putin ya sa hannu a takardar manufofin al'adu a ƙetare wadda ta ambaci kare aƙidojin Duniyar Rasha, sannan takardar manufofin harkokin waje ta Maris 2023 ta bayyana Rasha a matsayin ƙasa mai wayewar kai ta musamman. A Maris 2024 wani babban taro da Kirill ya jagoranta ya kira yaƙin Yukiren yaƙi mai tsarki. Tarayyar Turai kuwa tun a Yuli 2022 ta saka wa Gidauniyar Russkiy Mir da Rossotrudnichestvo takunkumi, bisa zargin cewa kafofin farfaganda ne.

Inda fasfo ya shigo

Abin da ya raba tsarin Rasha da na sauran ƙasashe masu yaɗa harshensu shi ne matakin da ke biyo baya. Daga 2002 aka riƙa bai wa mazauna Abkhaziya da Ossetiya ta Kudu, yankunan da suka ɓalle daga Jojiya, fasfon Rasha cikin sauƙi, duk da cewa yawancinsu ba Rashawa ba ne. Da yaƙi ya ɓarke a Agusta 2008, Mosko ta ce tana kare 'yan ƙasarta ne, kuma shugaba na lokacin Dmitry Medvedev ya sanya kare 'yan ƙasa a duk inda suke cikin ginshiƙai biyar na manufofinsa na ƙetare. An maimaita tsarin a gabashin Yukiren, inda a Afrilu 2019 Putin ya sauƙaƙa ba da fasfo ga mazauna Donetsk da Luhansk. Da haka mai jin harshe ya koma ɗan uwa, ɗan uwa ya koma ɗan ƙasa, sannan kare ɗan ƙasa ya zama hujjar tura soja. Ba kowane wuri ne aka bi dukkan matakan ba, amma gwamnatocin maƙwabta sun ga inda tsanin zai iya kaiwa, kuma da wannan idon suke kallon ko da ajin koyon harshe.

Yukiren: inda aka fi kai ruwa rana

Ƙidayar 2001, wadda ita ce ta ƙarshe da aka yi a Yukiren, ta nuna kashi 17.3 cikin ɗari na jama'a Rashawa ne, amma kashi 29.6 sun ce Rashanci ne harshen uwarsu. Tazarar da ke tsakanin alƙaluman biyu tana nufin miliyoyin mutane da ke ɗaukar kansu 'yan Yukiren amma suna magana da Rashanci a gida. A Kiyef an saba ganin mutum biyu suna hira, ɗaya da harshen Yukiren ɗaya da Rashanci, ba wanda ya ga abin mamaki. 'Yan siyasa ne suka riƙa hura wutar batun duk lokacin zaɓe.

A 2012 gwamnatin Viktor Yanukovych ta yi dokar da ta bai wa kowane harshe matsayin harshen yanki inda masu shi suka kai kashi 10 cikin ɗari, wanda a aikace Rashanci ne ya fi cin gajiyarta. Ranar 23 ga Fabrairu 2014, bayan tserewar Yanukovych, majalisa ta kaɗa ƙuri'ar soke dokar. Shugaban riƙo Oleksandr Turchynov ya ƙi sa hannu, don haka dokar ta ci gaba da aiki har 2018 lokacin da kotun tsarin mulki ta rushe ta. Amma labarin ƙuri'ar ya riga ya bazu, kafofin Rasha suka yi ta yayata cewa an haramta Rashanci. Ranar 18 ga Maris 2014, a jawabin haɗe Kirimiya, Putin ya ce Rashawa sun zama ɗaya daga cikin manyan al'ummomin duniya da iyakoki suka raba, in ma ba su ne mafi girma ba.

Bayan haka Kiyef ta tsaurara. Dokar ilimi ta 2017 ta rage koyarwa da harsunan tsiraru a sakandare, dokar harshen ƙasa ta 2019 kuma ta wajabta harshen Yukiren a ofisoshi da kafofin labarai da kasuwanci, ta yadda daga Janairu 2021 mai shago ko mai gidan abinci dole ya fara yi wa abokin ciniki magana da harshen ƙasa, sai in shi ne ya nemi a sauya. Dokar ba ta shafi hirar mutane a tsakaninsu ko ibada ba. Hukumar Venice, wadda ke bai wa ƙungiyar ƙasashen Turai ta Council of Europe shawara kan dokoki, ta ce a 2019 dokar ba ta daidaita tsakanin ƙarfafa harshen ƙasa da kare haƙƙin tsiraru ba. Gyaran da aka yi a Disamba 2023 ya mayar wa masu harsunan Tarayyar Turai, kamar Hangariyanci da Romaniyanci, wasu haƙƙoƙi, amma ya ware Rashanci a gefe.

Mosko na kafa hujja da wannan cewa ana nuna wa masu Rashanci wariya, kuma cikin ƙorafin akwai abin da hukumomin Turai da kansu suka tabbatar. Kiyef na amsawa da cewa harshenta ne aka danne tsawon ƙarnuka, kuma dokar gyaran ɓarna ce a ƙasar da ke fuskantar mamaya. Sai dai hujjar Mosko ta wuce haƙƙin tsiraru. A doguwar maƙalarsa ta Yuli 2021 Putin ya ce Rashawa da 'yan Yukiren al'umma ɗaya ce, kuma a Yuni 2025 a birnin St. Petersburg ya ƙara da cewa ta wannan fuska Yukiren duka tasu ce. Wanda ya ce maƙwabcinsa ba al'umma ba ce daban, da wuya dokar harshe ko wace iri ce ta gamsar da shi.

Da yawa daga cikin garuruwan da yaƙin da Rasha ta ƙaddamar a 2022 ya fi ragargaza, kamar Mariupol da Kharkiv da Bakhmut, garuruwan masu Rashanci ne. Binciken jin ra'ayi a Yukiren ya nuna mutane da yawa sun sauya harshen gida ko na wurin aiki bayan mamayar, wasunsu suna tuntuɓe da nahawun da ba su saba da shi ba, don kada a lissafa su cikin waɗanda aka ce an zo ceta. A yankunan da Rasha ta mamaye kuwa, makarantu sun koma manhajar Mosko. Kotun Duniya da ke Hague ta yanke a Janairu 2024 cewa Rasha ta saɓa yarjejeniyar hana wariyar launin fata da ta ƙabila ta yadda ta tafiyar da koyarwa da harshen Yukiren a Kirimiya, ko da yake kotun ta yi watsi da yawancin sauran ƙorafe-ƙorafen Kiyef.

Latbiya da Estoniya: gaba kura, baya siyaki

Waɗannan ƙasashe biyu sun ɗauki zamanin Sobiyet a matsayin mamaya, don haka bayan 1991 suka ba da 'yancin ɗan ƙasa kai tsaye ga waɗanda suke 'yan ƙasa kafin 1940 da zuriyarsu kaɗai. Dubban ɗaruruwan da suka zo daga baya sai da jarrabawar harshe, waɗanda ba su yi ba suka zauna da takardar “ba ɗan ƙasa ba”, wadda a Estoniya ake kira fasfo mai ruwan toka. A ƙuri'ar raba gardama ta 2012, kusan kashi 75 cikin ɗari na masu zaɓe a Latbiya suka ƙi mayar da Rashanci harshen ƙasa na biyu.

Yaƙin 2022 ya hanzarta komai. Latbiya ta kammala mayar da makarantu zuwa harshenta a 2025, Estoniya ta fara nata sauyin a 2024 da niyyar gamawa a 2030. Latbiya ta kuma buƙaci masu fasfon Rasha da ke da izinin zama na dindindin su ci jarrabawar harshe ta matakin farko, ban da waɗanda suka haura shekara 75. Da yawa daga cikin waɗanda suka cika ɗakunan jarrabawar tsofaffin mata ne da suka yi shekara arba'in ko hamsin a Riga ko Daugavpils, suka karɓi fasfon Rasha domin a can ana fara biyan fansho da wuri, yanzu kuma ga su da tabarau da fensir suna ƙoƙarin rubuta ɗan gajeren saƙo da Latbiyanci don kada izininsu ya faɗi.

A Narva, garin Estoniya da sama da kashi 90 cikin ɗari na mazaunansa ke magana da Rashanci, kogi ne kawai ya raba shi da Ivangorod na Rasha, tsofaffin ganuwoyi biyu suna kallon juna. Tun 2023, duk ranar 9 ga Mayu, ranar bikin nasarar Sobiyet a yaƙin duniya na biyu, hukumomin Rasha kan kafa dandamali da manyan allunan bidiyo a gaɓarsu suna fuskantar Narva, mutane su taru a ɗaya gaɓar suna sauraren waƙoƙin yaƙin duniya na biyu. Masu taruwar nan yawancinsu suna son waƙoƙin, amma albashi da fansho na Tarayyar Turai suke karɓa, kuma ba su yi tururuwar ƙaura zuwa tsallaken kogin ba.

Asiya ta Tsakiya: harshen neman abinci

A nan hoton ya bambanta. Rashawa sun ragu ƙwarai, a Kazakistan daga kusan kashi 38 cikin ɗari a 1989 zuwa 15.5 a ƙidayar 2021, amma Rashanci bai ragu daidai da haka ba, domin shi ne harshen birni da kimiyya da hulɗa tsakanin ƙabilu. A Tajikistan, inda kuɗin da 'yan ci-rani ke aikowa gida ya kai kwatankwacin kusan rabin arzikin da ƙasar ke samarwa a wasu shekarun baya-bayan nan, iyaye na rububin makarantun Rashanci saboda yaron da ya iya shi zai fi samun aiki a Mosko. A Satumba 2022 aka buɗe makarantu biyar da Rasha ta gina a ƙasar.

Shugaban Kazakistan Kassym-Jomart Tokayev na tafiya a kan siraɗi. Shi ne ya kawo shawarar kafa ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta harshen Rasha, wadda aka sa hannu a yarjejeniyarta a Bishkek a Oktoba 2023. Wata guda bayan haka, a taron manema labarai tare da Putin a Astana, sai ya buɗe jawabinsa da harshen Kazak, aka ga manyan jami'an Rasha suna laluben na'urar fassara. Shi ne kuma a Yuni 2022 ya faɗa a gaban Putin cewa ƙasarsa ba za ta amince da Donetsk da Luhansk a matsayin ƙasashe ba. Dalilin taka-tsantsan a fili yake: arewacin Kazakistan na da Rashawa da yawa, kuma a Disamba 2020 Nikonov, wanda aka damƙa wa gidauniyar yaɗa harshe, ya ce ƙasar Kazakistan kyauta ce daga Rasha, har gwamnatin Kazakistan ta miƙa takardar ƙorafi.

Akwai kuma cin karo a cikin manufar kanta. Yayin da ake kashe kuɗi don koya wa 'ya'yan Tajik da Uzbek Rashanci a ƙasashensu, a cikin Rasha an tsaurara wa 'yan ci-rani, musamman bayan harin ta'addanci a ɗakin taro na Crocus da ke kusa da Mosko a Maris 2024. Daga Afrilu 2025, ɗan baƙo ba ya shiga makarantar gwamnati sai ya ci jarrabawar Rashanci, alhali makarantar ce wurin da zai koyi harshen.

A cikin gida

Rasha ƙasa ce mai harsuna sama da ɗari, kuma yadda take bi da su yana shafar ƙarfin hujjarta a waje. Dokar 2002 ta wajabta rubuta harsunan hukuma na jamhuriyoyin ƙabilu da ke cikin tarayyar Rasha da haruffan Rashanci, wanda ya daƙile yunƙurin Tatarstan na komawa haruffan boko. A 2017 Putin ya ce bai kamata a tilasta wa kowa koyon harshen da ba nasa ba, kuma dokar 2018 ta mayar da darasin harsunan jamhuriyoyi na ganin dama, yayin da Rashanci ya ci gaba da zama tilas. Gwamnati na cewa kare zaɓin iyaye ne. Masu fafutukar harsunan na cewa yaron da zai rubuta jarrabawar shiga jami'a da Rashanci kaɗai ba zai ɓata lokaci a kan harshen kakanninsa ba. A Satumba 2019 wani masani ɗan ƙabilar Udmurt, Albert Razin, ya cinna wa kansa wuta a gaban majalisar jamhuriyar Udmurtiya da ke birnin Izhevsk saboda wannan batu.

Me dokar ƙasa da ƙasa ta ce?

Ba Rasha kaɗai ke kula da danginta na ƙetare ba. Hangari ta yi dokar tallafa wa masu harshenta a ƙasashe maƙwabta a 2001, ta sauƙaƙa musu zama 'yan ƙasa a 2010, kuma hakan ya jawo mata saɓani da Slovakiya da Yukiren. Ƙa'idar da ƙungiyar tsaro da haɗin kan Turai ta fitar a 2008 ita ce, alhakin kare tsiraru yana kan ƙasar da suke zaune a cikinta. Ƙasar da ke da dangantaka da su tana iya taimaka musu ta fuskar ilimi da al'ada da yardar mai masauki, amma kada ta riƙa rabon takardar ɗan ƙasa barkatai, balle ta yi iƙirarin iko a kansu.

Mai karatun Hausa zai gane bambancin cikin sauƙi. Mutanen Katsina da Maraɗi harshe ɗaya suke yi, suna auratayya, suna cin kasuwa ɗaya, kuma ba wanda zai ga laifi in jami'ar Kano ta ba ɗaliban Damagaram gurbin karatu. Amma ranar da Abuja ta ce saboda Hausa tana da haƙƙin tsoma baki a kan yadda Yamai ke mulkin Maraɗi, to magana ta bar hannun malaman harshe ta koma ta 'yancin ƙasa.

Masu kare matsayin Mosko na cewa ƙasashen Yamma ne suka fara karya wannan ƙa'ida a Kosovo a 1999, lokacin da NATO ta kai wa Yugoslabiya hari da sunan kare mazauna yankin, suna kuma kau da kai daga halin marasa ƙasa a Latbiya da Estoniya. Masu suka na amsawa da cewa kafin 2014 babu wata hukumar ƙasa da ƙasa da ta sami shaidar ana yi wa masu Rashanci kisan gilla a Kirimiya ko Donbas (yankin Donetsk da Luhansk), kuma ƙorafin wariya wurinsa kotu da teburin sulhu.

Abin da zai biyo baya ga talakawa

Ga mazauna yankunan da aka mamaye, batun ya sauka har kan takardar asibiti da fansho da mallakar gida, waɗanda rahotanni suka nuna ana ɗaure su da fasfon Rasha. Umarnin da Putin ya sa wa hannu a Maris 2025 ya bai wa 'yan Yukiren da ke can wa'adin 10 ga Satumba su daidaita takardunsu ko su fice. Ga malaman da ke koyarwa da Rashanci a Latbiya da Estoniya, zaɓin shi ne su ƙware a harshen ƙasa ko su bar aji. Ga ƙasashen da ke tsakani kuwa, cibiyar al'adu ta zama abin ciniki a rikicin difilomasiyya, kamar yadda Azarbaijan ta rufe Gidan Rasha na Baku a Fabrairu 2025 bayan saɓani kan jirgin fasinjanta da ya faɗi.

A Afirka lamarin na da wata fuska, domin babu tsirarun Rashawa da za a ce ana karewa, babu kuma iyaka da Rasha. Abin da Mosko ke tallatawa a nan shi ne tarihin goyon bayan gwagwarmayar 'yanci da guraben karatu, shi ya sa a 2023 aka mayar wa jami'ar da aka kafa a Mosko a 1960 sunan Patrice Lumumba, kuma a taron Rasha da Afirka na wannan shekarar Putin ya ce ɗaliban Afirka kusan 35,000 ne ke karatu a ƙasarsa. Rage darajar Faransanci a Mali a 2023 da Nijar a 2025, inda Hausa ta zama harshen ƙasa, ya faru ne a daidai lokacin da gwamnatocin suka kusanci Mosko, amma harsunan gida aka ɗaukaka, ba Rashanci ba.

Ga ɗalibin Kano ko Yamai da ya sami gurbin likitanci ko injiniya a Rasha, abin da zai tarar shi ne shekarar share fage ta koyon Rashanci, wahalar aika kuɗi saboda takunkumin bankuna, da buƙatar tantance digirinsa a gida kafin ya fara aiki. Akwai kuma tallace-tallacen “karatu da aiki” da ke buƙatar bincike kafin a sa hannu, domin a 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya ruwaito yadda 'yan mata daga ƙasashen Afirka da aka ɗauka ta irin wannan shiri zuwa Alabuga a Tatarstan suka ƙare a masana'antar haɗa jirage marasa matuƙa da ake kai hari da su Yukiren.